Ƙuncin Ƙuruciya da Matsin Zamani: Tasirinsu a Kan Lafiya

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa halayen da ke cutar da jiki, kamar shan taba da giya da miyagun ƙwayoyi, sau da yawa magani ne da mutum ya nemar wa kansa domin ya kwantar da wata damuwa da ta daɗe tana cinsa. Za mu kafa hujja da bincike guda biyu.

Na farko an yi shi ne a birnin San Diyego na Amurka tsakanin 1995 da 1997, a ƙarƙashin likitoci Vincent Felitti da Robert Anda. An tambayi manya fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha suna yara, watau duka, ko zagi, ko cin zarafi, ko tashi a gidan mashayi. Sakamakon farko, wanda aka buga a 1998, ya nuna cewa wanda ya gamu da iri huɗu ko fiye na waɗannan wahalhalu ya fi wanda bai gamu da ko ɗaya ba haɗarin shaye-shaye, da ciwon damuwa, da yunƙurin kashe kai, da ninki 4 zuwa 12.

Dalili kuwa shi ne, sa'ad da tsoro ya kama yaro, jikinsa yakan saki sinadarin kotizol, wanda ke shirya shi ga gudu ko faɗa. Idan abin ya zama na kullum, sai jikin ya saba da zaman ɗar-ɗar, har ya girma a haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bincike na biyu ya shafi matsin da ke samun mutum bayan ya girma. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a Landan, binciken da Michael Marmot ya yi fice da nazarinsa. An gano cewa masu ƙaramin muƙami sun fi manyansu mutuwa da wajen ninki uku. Shan taba da hawan jini da makamantansu ba su bayyana ko rabin bambancin da aka gani a ciwon zuciya ba. Bincike na gaba, wanda aka fara a 1985, ya danganta wani kaso na sauran da rashin ta-cewa a wurin aiki.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye. Hanin yana da amfani, amma muddin damuwar da ta kai su ga sha tana nan, za su nemi madadinsa. Saboda haka, lalle ne likita ya riƙa tambayar majinyaci tarihin ƙuruciyarsa, hukuma kuma ta ɗauki tallafa wa iyaye wajen reno a matsayin rigakafi.