Lasifikar sanarwa a kasuwanni

Lasifikar sanarwa tsari ne na na'urori da ake haɗawa domin isar da muryar mutum ɗaya ga jama'a masu yawa a lokaci guda. Ana girka ta a kasuwanni da tashoshin mota da manyan shaguna da rumbunan ajiya. Da ita ake cigiyar yaron da ya ɓata ko dabbar da ta tsinke, kuma da ita ake gargaɗin jama'a idan gobara ta tashi. Saboda haka abin da ake nema a wajenta shi ne maganar da za a fahimta. Ƙara mai yawa ita kaɗai ba ta biyan wannan bukata.

Tarihi

A ƙasar Hausa, mai shela ne yake wannan aiki tun kafin zuwan na'ura. Yakan zaga gari da kasuwa yana sanar da saƙon sarki ko na sarkin kasuwa, kuma har yanzu ba a daina ba a ƙauyuka. Lasifikar lantarki kuwa ta samo asali a Amurka, inda Peter Jensen da Edwin Pridham suka ƙera tasu a garin Napa na jihar Kalifoniya a shekarar 1915. A 1919 shugaban Amurka Woodrow Wilson ya yi wa dubban mutane jawabi da irinta a birnin San Diego.

Sassanta

Sassa huɗu ne ke haɗuwa. Makirfo yana ɗaukar murya, amfilifaya tana ƙara mata ƙarfi, wayoyi suna kai ta, sannan lasifika ta fitar da ita. A fili ana amfani da lasifika mai siffar ƙaho, irin ta saman masallaci, domin tana jefa murya nesa kuma tana jure rana da ruwan sama. A cikin shago ko ofis an fi amfani da ƙananan lasifiku na bango ko na silin.

Tsarawa

Kafin a sayi komai, ana fara auna girman wurin da yawan hayaniyarsa a ranar da ya fi cika. Misali a nan shi ne kasuwar Maigatari da ke masarautar Gumel a arewacin jihar Jigawa, masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Kasuwar tana kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, tana ci kowace Alhamis, kuma ta shahara da cinikin shanu da tumaki da awaki da raƙuma. Hayaniyar kara, inda dillalai da dabbobi da manyan motoci suke, ta fi ta layin 'yan hatsi. Wanda ya gwada na'ura ranar da kasuwa ba ta ci zai ɗauka ta yi, ranar kasuwa kuwa ba za a ji komai ba.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Domin a fahimci magana, ya kamata ta ɗara hayaniyar wurin da kimanin desibel 10. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yakan ragu da desibel 6. Lasifikar da ke ba da desibel 110 a nisan mita ɗaya za ta ba da 92 a mita 8, sannan 80 a mita 32. Wannan ya sa lasifika ɗaya mai ƙarfi takan dami na kusa da ita alhali na nesa bai ji ba. Abin da ya fi shi ne a rarraba lasifiku da yawa masu matsakaicin ƙarfi.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Idan mai sauraro yana jin lasifiku biyu, ɗaya ta fi ɗaya nisa da fiye da mita 17, maganar za ta zo masa sau biyu ta cakuɗe. Don haka ake fuskantar da su gefe guda, a ɗan karkata su ƙasa wajen jama'a.

Girkawa

A wuri mai faɗi ana bin tsarin layin bolt 100. Kowace lasifika tana da ƙaramin taransifoma, don haka waya ɗaya za ta iya ɗaukar lasifiku da yawa zuwa nesa ba tare da ƙarfi ya zube a hanya ba. Ana tara wat na dukkan lasifikun, a zaɓi amfilifaya da ta ɗara jimillar. Lasifiku 20 masu wat 10 kowace sun tashi wat 200, sai a nemi amfilifaya mai wat 240 ko fiye. Ana kuma raba kasuwar shiyya-shiyya, yadda za a yi wa kara sanarwa ba tare da an dami sauran layuka ba. Ba a ajiye makirfo a gaban lasifika, domin hakan ne ke kawo ƙarar nan mai tsini.

Wuta da yanayi

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wutar lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Da yake wutar takan ɗauke, ana haɗa na'urar da batiri da farantin sola, kuma akwai amfilifaya da ke aiki kai tsaye da batirin bolt 12 ko 24. Wannan yana da muhimmanci domin idan gobara ta tashi wutar lantarki ake fara yankewa, a daidai lokacin da aka fi bukatar sanarwa.

Yanayin arewacin Jigawa ma yana da nasa tasiri. Ƙurar hunturu tana toshe kafofin iskar amfilifaya, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Ana ajiye ta a inuwa inda iska ke shiga, a riƙa kakkaɓe ta. Wayoyi kuma a sa su cikin bututu, a ɗaga su sama inda lodin mota ba zai tsinke su ba.

Doka da lafiya

Jin ƙarar da ta haura desibel 85 na tsawon awa takwas a kullum yana iya lalata ji. A Najeriya, hukumar NESREA ce ke kula da dokokin taƙaita hayaniya na shekarar 2009. Shugabannin kasuwa kan naɗa wanda zai riƙe makirfo, su kuma rage tallace-tallace a kanta, domin lasifikar da ba ta yin shiru jama'a kan daina sauraronta har a ranar da sanarwar ta shafi rai da dukiya.