Baƙin ramin da ke tsakiyar taurari: yaya aka yi ya girma haka?

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana waje a ƙauyukan Illela ko gefen Malbaza, inda hasken lantarki bai dame sama ba, ya san farar hanyar nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama da dare. Taurari ne birjik, garke guda, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikinsu. In ka fuskanci kudu bayan isha'i cikin watan Yuli ko Agusta, wurin da hanyar ta fi kauri, to tsakiyar garken kake kallo. Can ne abin da masana ke ce ma baƙin rami yake.

Wanga rami dai nauyi ne mai yawan gaske da ya dunƙule a ɗan ƙaramin wuri. Ƙarfin jansa ya kai ko haske, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, in ya faɗa ciki ba ya fitowa. Tun da ba ya ganuwa, sai Reinhard Genzel na Jamus da Andrea Ghez ta Amurka suka yi shekaru suna bin taurarin da ke kewaya shi. Daga gudunsu suka gano nauyinsa ya kai na rana miliyan 4, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. A 2022 aka fiddo hoton inuwarsa. Na wani garke mai suna M87, wanda aka nuna hotonsa a 2019, ya kai nauyin rana miliyar 6 da rabi.

To yaya suke girma? Hanya biyu ce: ko ramin ya haɗiye iskar gas da ƙurar da ke kusa da shi, ko ramuka biyu su haɗe lokacin da garkunansu suka yi karo. Sai dai cin yana da iyaka. Gas ɗin da ke faɗawa yana yin zafi, ya fidda haske mai ƙarfi, hasken kuma ya tura sauran gas baya. Ke nan ko akwai abinci, ramin ba ya iya haɗama yadda ya ga dama.

Nan ne gardamar take. Madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba ran 25 ga Disamba 2021, yana hango manyan ramuka tun halitta na jaririya. A lissafin masana, shekarun sararin samaniya miliyar 13.8 ne, amma a 2023 an ba da labarin wani rami a garken UHZ1 da ya riga ya kai nauyin rana miliyoyi tun sararin na da shekara miliyan 470 kacal. Kamar ka je kasuwar dabbobi ta Badagishiri a nuna maka maraƙi ɗan wata uku da girman bijimi. Ai dole ka tambaya: mi ya ci, ko haka aka haife shi?

Masana sun rabu biyu. Wasu na cewa irin ƙarami ne, gawar taurarin farko, mai nauyin rana kamar 100, sai dai ya ci fiye da ƙima. Wasu na cewa wani ƙaton gajimaren gas ne ya rufta gaba ɗaya, ramin ya fara da nauyin rana dubu 10 zuwa dubu 100. Abin da aka gani a UHZ1 ya fi ƙarfafa magana ta biyu, amma ba a rufe zancen ba.

Afirka ma na cikin aikin. Na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu, mai faranti 64, ta ɗauki hoton tsakiyar garkenmu tun 2018, ana kuma shirin kafa wata a Namibiya don ƙara kyan hoton baƙaƙen ramuka.

Mai son ganin wurin da idonsa, ya jira daren da babu farin wata kuma hadari ya washe, ya fita bayan gari da yara, su duba kudu.