Awara nama ce? Rigimar suna a ƙasashen Turai da abin da ya shafe mu

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta kai su sauraro ba.

Ran nan da yamma na tsaya sayen awara kusa da Poly a nan Kazaure, sai wani ɗalibi ya ce wa mai suyar, "Yarinya, zuba min naman talaka na ɗari biyu." Muka yi dariya. To wallahi a wasu ƙasashen, wannan kalmar "nama" idan ka buga ta a jikin kwalin abincin waken suya, kotu za ta iya kiranka.

A 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani kamfanin Jamus mai suna TofuTown, ta ce sunaye irin su madara da cuku da man shanu na abin da aka tatso daga dabba ne kawai. Shi ya sa a shagunansu ba a rubuta "madarar waken suya", sai dai "abin sha na waken suya". A 2018 jihar Missouri ta Amurka ta hana kiran abu nama idan ba daga dabba ya fito ba. Faransa ta gwada hana sunaye irin su sosej a 2022, ta sake gwadawa a 2024, kotu tana taka mata birki. Afirka ta Kudu ma a 2022 har an shirya kwashe kayan daga shaguna kafin kotu ta dakatar.

Makiyaya da mahauta suna cewa ana cin kasuwa da sunansu, ana ruɗa mai saye. Kamfanonin su kuma suna cewa wa ya ruɗe, alhali an rubuta "na tsirrai" ɓaro-ɓaro?

Ni dai a nawa ganin, a kan awara babu ruɗu. Daga Roni har Gwiwa ba wanda zai ci awara ya zaci tsire ne, don a gabanmu ake jiƙa waken, a markaɗa, a tace, a dafa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule.

Inda abin ya shafe mu shi ne madarar gari. Da yawa daga cikin wadda ake sayarwa an cire mata man shanun, an maye gurbinsa da man tsirrai, galibi na kwakwar manja. Ba haram ba ce, ba guba ba ce, kuma ta fi araha. A jikin buhu ko leda akan rubuta hakan, don dokar NAFDAC ta wajabta a bayyana abin da ke cikin duk abincin da aka ƙunshe. Amma da zarar an farke buhu a kasuwar Babura ana aunawa da gwangwani, rubutun ya tafi. Uwa ta saya ta dama wa jariri, a zatonta madarar shanu ce zalla, alhali irin wannan ba a yi ta don jarirai ba.

Don haka in za ku sayi ta awo, ku ce a nuna muku buhun. Na gwada a shago uku, biyu suka nuna min ba musu, na ukun ya ce yara sun ɗinka jaka da shi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.