SAFAR HANNU TA FATA GA MAI HAWA BABUR: YADDA ZA KA ZAƁE TA



Yau babur ya shiga kowane gari. Da asuba mutanen Jiratawa na ɗaure buhunan zogale da kwandunan tumatir, su kama hanyar Maraɗi. Mutanen Tibiri na shigowa cin kasuwa ran Litinin da ran Juma'a. Cikin birni kuwa ƴan kabu-kabu ba su ƙirguwa. Amma ka tsaya bakin hanya ka dubi hannuwan masu tuƙi. Kusan kowa hannunsa a buɗe yake, babu abin da ya rufe shi.

Me ya sa muke maganar hannu?

In mutum ya faɗi, hannu yake fara kaiwa ƙasa. Ba shawara yake yi ba, haka jiki yake. Babur da ke tafiyar kilomita 36 a awa yana cin mita 10 cikin sakan 1. Wannan ba ma gudu ba ne, tafiyar cikin gari ce. In akuya ta gitta, ko taya ta shiga rairayi, tafin hannu ne zai goga a kan kwalta. Kwalta kuwa kamar magagarin maƙeri take, ba ta jin tausayin fatar mutum.

Hannu guda yana da ƙasusuwa 27, har da na wuyan hannu. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa. Shi ne yakan karye in an dafa ƙasa da ƙarfi, kuma yana daɗewa bai haɗe ba, don jini ba ya isa gare shi sosai.

To, da me manomi ke riƙe hauya? Da me yake jan guga, da me yake ɗaure dami? A ce tafinka ya saluɓe a watan Yuni, ga ruwan shuka ya sauka. Shuka za ta wuce ka, noman fari ya wuce ka. Sai ka biya ƴan ƙwadago, ka biya magani. Ɗan kabu-kabu kuma ya jingine babur, ga iyali na jiran cefane.

Gaskiya ita ce safar hannu ba ta hana kowace karaya. Aikinta shi ne ta sha gogar kwalta a madadin fatarka, ta rage ƙarfin bugu. Kuma ba ta maye gurbin hular kwano. Kai na gaba, sa'an nan hannu.

Wace fata ce ta fi?

Nan ba sai mun je nesa ba. Jar akuyar Maraɗi sananniya ce a duniya saboda fatarta. Tun 1963 aka buɗe gidan kiwon awaki na gwamnati a Maraɗi don a kyautata irinta. A da har masana'antar jima ta SONITAN tana aiki a birnin. Fatar nan ta daɗe tana fita zuwa Turai, ana ɗinka jakunkuna da takalma da safar hannu masu tsada da ita. Abin mamaki, mu masu akuyar mu ne ke tuƙi hannu buɗe!

Fatar akuya tana da laushi, ba ta da kauri, amma tana da ƙarfi. Kana sanye da ita kana jin birki a yatsunka. Fatar saniya ta fi kauri, tana jure goga, sai dai tana da tauri, kuma ta fi zafi a lokacin bazara. Fatar tunkiya daɗin taɓawa gare ta, amma saurin yagewa take yi. Kowane majemi zai gaya maka haka. Kada ka saye ta don hawa babur.

Hattara da fatar roba. Kasuwa cike take da ita, tana sheƙi, tana da araha. Juya bakin safar ka dubi cikinta. Fatar gaske bayanta gashi-gashi ne, kuma tana da warin fata wanda duk ɗan ƙauye ya sani. Ta roba, ƙyalle ne aka manna wa leda. Rana na dukanta sai ta tsattsage ta yi ta ɓarewa. Ranar faɗuwa kuwa nan take za ta huje.

Akwai waɗanda ke sa safar ulu da sanyi, ko ta roba irin ta magina, ko mai yankakkun yatsu. Ta ulu sanyi kaɗai take karewa, ga santsi a kan hannun babur. Mai yankakkun yatsu ta bar yatsu a fili, alhali su ma suna shan ƙasa.

Abin da za ka duba kafin ka biya

Fara da tafi. Fatar tafi ta zama riɓi biyu, musamman wajen dunduniyar hannu da gefen ƙaramin yatsa. Nan ne ke fara taɓa ƙasa. Mutane da yawa na ruɗuwa da ƙullutun roba da ke bayan safa, a kan gaɓoɓin yatsu. Yana da amfani, amma in tafi ƙyalle ne, ado kawai ka saya.

Sa'an nan ɗinki. Ja tsakanin yatsu da ƙarfi. In ka ga zare yana buɗewa, ajiye ta. Ɗinki layi biyu ya fi layi guda. Fata mai kyau da mugun ɗinki, wajen ɗinkin za ta fashe.

Abin da aka fi mantawa shi ne maɗauri. Dole safa ta kasance da maɗauri a wuyan hannu. Sa ta, ka ɗaure, ka ce wa abokinka ya kama yatsunta ya ja. In ta fita, ba ta da amfani, don haka kwalta za ta tuɓe maka ita tun a gogar farko.

Kada ka aiki yaro ya sayo maka. Je da kanka, ka gwada hannu biyu. In da hali, je da babur ɗinka. Kama hannun babur, murɗa totur, matsa birki da kuloci, danna oda. Yatsu su kusa kai ƙarshen safa, amma kada su tokare. Kada fata ta tattare a tafi, don za ta sa maka kanta. Sabuwar fata takan ɗan matse, daga baya ta saki ta bi hannu. Amma in ka dunƙule hannu ka ji yatsu na mutuwa, ta yi maka kaɗan.

Ta cikin gari da ta doguwar tafiya

Mai zirga-zirga tsakanin Tibiri da Maraɗi, ko Jiratawa da Maraɗi, tafiyarsa gajera ce, ga yawan tsayawa. Gajerar safa ta ishe shi, muddin ta rufe ƙashin wuyan hannu. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Saboda haka ya nemi mai ƴan huji-huji a baya don iska ta shiga. A baya, ba a tafi ba. Safar da ta cika zafi, ƙarshenta aljihu, kuma safar aljihu ba ta kare kowa.

Mai doguwar tafiya lamarinsa dabam ne. Daga Maraɗi zuwa Damagaram ya fi kilomita 200, zuwa Yamai ya fi 600. Gudu ya fi yawa, faɗuwa ta fi muni. Shi doguwar safa ta kamace shi, wadda ke hawa kan hannun riga, mai maɗauri biyu. Ya nemi mai ɗan soso a tafi, don girgizar babur a hanyar birji tana kashe hannu. Da ɗari kuma, a watan Disamba da Janairu, mai shafi a ciki ta fi. Wanda ya taɓa fita da asuba cikin hunturu ya san yadda yatsu ke sandarewa. Sandararren yatsa ba ya kama birki da sauri.

Alamar da ke cikin safa

Ga inda karatunku zai yi maku rana. A ƙasashen Turai ana gwada safar babur a kan na'ura kafin a sayar. Wadda ta ci gwaji ana ɗinka mata ƴar takarda a ciki. Za ka ga haruffa CE, da hoton mutum a kan babur, da lamba EN 13594. Kusa da hoton akwai 1 ko 2. Mai lamba 1 ta jure goga ta sakan 4 a kan na'ura. Mai lamba 2 ta jure sakan 8, ita ce ta doguwar tafiya. In ka ga KP, an gwada kariyar gaɓoɓin yatsu ke nan.

A Faransa, tun watan Nuwamba na 2016 doka ta tilasta sa irin wannan safa, ga mai tuƙi da wanda aka goya. Tarar wanda bai sa ba yuro 68 ce, wato jika 44 da ƴan kai a kuɗinmu.

Irin waɗannan safa kan faɗo cikin kayan bosho. In ka dace da ita, dubi tafin da kyau. In fatar ta bushe tana tsagewa, ko ta riga ta sha kwalta a hannun wani, bar ta. Kuma ka sani ana buga alamar ƙarya. Takarda ba ta hana ka juya safa ka duba fata da ɗinki.

In ba ka samu ba fa?

Dukawanmu na nan. Mai ɗinka sirdi da kube da takalmi ba zai kasa safar hannu ba. Sayi jemammiyar fatar akuya wadda ta sha bagaruwa sosai, marar huji, marar tabon ƙaya ko na wuƙar fiɗa. Ɗora hannunka a kan takarda, baduku ya zana shi. In ka samu tsohuwar safa, kai masa ya warware ya ga yadda aka yanka ta. Ce masa ya riɓanya tafi, ya yi ɗinki biyu da zaren nailan, ya sa maɗauri mai ƙarfi. Ba a gwada ta a kan na'ura ba, amma tsakaninta da hannu buɗe akwai nisa. Ƴan kabu-kabu na tasha guda za su iya haɗa kuɗi su ba da ɗinki tare, ya zo masu da sauƙi.

In ruwan sama ya jiƙa safa, shanya ta a inuwa. Rana da wuta na ƙandarar da fata. In ta sha gumi, goge ta da ɗanyen tsumma. Lokaci-lokaci ka shafa mata ɗan man kaɗe a baya, amma ban da tafi, don kada ta yi santsi. Kada fetur ya taɓa ta. Da dare rataye ta a ƙusa tare da hular kwano, inda ɓera da gara ba su kaiwa.