YADDA AKE GANE SHEKARUN TSOHUWAR BINDIGA

Maharba da yawa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram suna da bindigogin da suka gada daga iyaye da kakanni. Ya kamata kowa ya san shekarun tasa, domin bindigar da aka ƙera don albarushin dā tana iya fashewa a hannun mai ita idan aka ɗura mata harsashin zamani.

Lambar Maƙera

Bindigar toka wadda maƙeranmu suka ƙera ba ta da lamba. Amma mai baki ɗaya ko mai baki biyu ta ƙasashen Turai tana da ita. Wannan lamba ba shekara ba ce, ƙidaya ce kurum. Kowane kamfani yana da nasa lissafi, saboda haka lamba ɗaya tana iya fitowa a kan bindigogi biyu waɗanda shekara hamsin ke tsakaninsu. Sai an haɗa ta da sunan kamfanin, aka duba littafinsa, sa'an nan za ta yi amfani.

Hatimin Gwaji

Abin da ya fi lamba tabbaci shi ne hatimin gidan gwaji, watau inda hukuma ke jarraba ƙarfin bindiga kafin a sayar. A tabbata babu harsashi a ciki, a cire itacen da ke ƙarƙashin bututun, a raba bututun da ƙota, a duba gindinsa daga ƙasa.

Yawancin tsofaffin bindigogin da suka shigo Afirka ta Yamma daga Birmingham ta Ingila suka fito, ko daga Liege ta Beljiyam. An kafa gidan gwaji na Birmingham a 1813. Ga alamun da za a lura da su:

1. NOT FOR BALL: an gwada ta a Ingila tsakanin 1875 da 1887.
2. Haruffan BV da BP, kowannensu da kambi a bisa: Birmingham, daga 1904 zuwa 1954.
3. BNP da kambi: Birmingham, daga 1954 zuwa gaba.
4. ELG cikin da'ira mai kamar ƙwai: Liege ke nan. Idan da kambi a bisa da'irar, ba ta riga 1893 ba.

Gargaɗi

Idan ba a ga NP, ko BNP, ko kalmar NITRO a bindigar Ingila ba, to, ba a gwada ta da albarushin zamani ba. Kada a ɗura mata shi. Haka kuma bututun da ke da zane kamar an murɗa igiya, tsohon ƙira ne, tsatsa kan ci shi ta ciki ba a sani ba. Wanda aka rubuta wa 2½ kuwa, kada a cusa masa harsashi mai tsawon inci 2¾.

Daga ƙarshe, Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba, ko da ta gado ce. Kankare lamba kuwa laifi ne. A je ofishin 'yan sanda a nemi bayani. Rigakafi ya fi magani.