Bakteriyar da ke numfashi da guba

Sinadarin PCE na wankin tufafi ba da ruwa ba, da ɗan'uwansa TCE mai wanke maiƙon ƙarfe a masana'antu, sun daɗe suna gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa a Amurka. In suka nutse, sai su shekara da shekaru ba su gushe ba.

A 1997 masu bincike a Jami'ar Cornell suka ware wata bakteriya, Dehalococcoides, wadda ke numfashi da wannan guba, iskar da muke shaƙa kuwa ajalinta ce. Da aka karanta kundin gadonta a 2005, sai aka iske shi ɗan mitsitsi, haruffa kusan miliyan ɗaya da rabi, amma ɗauke da ƙwayoyin gado 17 na ɓamɓare kilorin da ke jikin gubar ɗaya bayan ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne matakin ƙarshe. In aikin ya tsaya a rabi, abin da ya rage, wato vinyl chloride, yana haddasa kansa, an gudu ba a tsira ba ke nan. Ƙwayar gado mai suna vcrA na cikin masu ƙarasa shi zuwa iska marar illa, kuma ba kowane irin bakteriyar ke da ita ba. Shi ya sa injiniyoyi kan ɗebo ruwan rijiyar gwaji su neme ta; in babu, sai su zuba irin da ke ɗauke da ita.