Notin da tsatsa ta ci ba ya jin ƙarfi

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma Nijeriya ta ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Shi ya sa har gobe ake ganinta a garejinmu, wata ta haura shekara 40 tana aiki. Duk makanikin da ya buɗe irin wannan inji ya san inda rigima take: notin salansa ko na famfon ruwa da ya ƙi motsi. Abin da aka saba yi shi ne a zura dogon fayif a kan sifana, yaron gareji ya hau da dukkan nauyinsa. A ganina wannan ɗabi'a ta lalata injuna masu tarin yawa da ba su kai mutuwa ba.

Gangar jikin injin 504 ƙarfen zubi ce, kan injin kuma alminiyam, notocin da ke shiga cikinsa na ƙarfe. Idan ƙarfe da alminiyam suka haɗu, danshi ya shiga tsakaninsu, sai su zama ɗan ƙaramin batir, kuma alminiyam ne ke cinyewa, ya koma farin gari da ke toshe haƙoran noti. Ita ma jar tsatsar ƙarfe tana cin wuri fiye da ninki biyu na ƙarfen da ta fito daga gare shi, don haka tana kumbura a wurin da ba shi da sarari. Notin bai ƙara ɗauruwa ba, cushe shi aka yi daga ciki. Ga lissafin da ya kamata ya tsorata mai fayif: noti na gama-gari mai kaurin milimita 8 ana ɗaure shi da ƙarfin da bai wuce a rataya kilo biyu da rabi a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya ba. Mutum mai kilo 60 ya hau fayif mai wannan tsawon, ya ninka hakan fiye da sau 20. Tsatsar ba za ta saki ba, wuyan notin ne zai tsinke, guntun ya zauna a cikin rami.

Abin da ke aiki shi ne a farfasa tsatsar kafin a nemi juyawa. A goge wurin da buroshin waya, a zuba mai marar kauri wanda ke iya ratsa haƙora, a bar shi ya kwana, a riƙa ɗan bubbuga kan notin da guduma don girgizar ta buɗe wa man hanya. Wasu na zuba man birki; yana ratsawa, amma yana cin fenti kuma yana jan ruwa, bai kamata a bar shi a jikin inji ba. Sai zafi, wanda shi ne babban makami. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka idan aka ɗumama kewayen noti mai milimita 10 da digiri 100, ramin zai fi notin faɗaɗa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ido ba ya ganin wannan, amma ya isa ya tsaga busasshiyar tsatsa. Daga nan a sa soket mai kusurwa 6, a ɗan matsa notin wajen ɗauri, a dawo da shi, gaba da baya, ana ƙara mai. Ko da ya riga ya karye, mai walda zai iya liƙa sabon kan noti a guntun, zafin waldar kansa ya taimaka wajen sakin sa.

Za a ce wuta na iya lanƙwasa kan inji, kuma gaskiya ne. Alminiyam yana narkewa a kusan digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai hura wutar ba, ga kuma fetur da tiyo a kusa. Amma wannan dalili ne na a cire duk abin da ke kamawa, a zagaya wutar a hankali, a tsaya da wuri. Bai wanke fayif ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi na kuɗi ne. Makaniki a nan ba a biyansa awannin da ya ɓata, aikin da ya gama ake biya, mai mota kuma yana tsaye a kansa yana so ya koma tasha kafin la'asar. Wa zai biya kwanan da mai ya yi yana ratsa noti? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma laifin bai tsaya kan makaniki shi kaɗai ba. Sai dai a auna da abin da ke biyo bayan karyewa: a sauke kan inji, a kai wurin masu huda ƙarfe, idan hudar ta kauce ta cinye haƙoran alminiyam sai an sa sabon zobe a ramin, ga sabon gasket, ga kwanaki mota na ajiye. Da can ana iya cewa a je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a ɗauko wani kan. Yanzu kowane kan 504 na asali da aka fasa ya rage daga waɗanda suka saura, waɗanda ke kasuwar ma yawanci sun sha irin wannan wahala.

Mai mota kuma yana da nasa rabo tun kafin a kai ga gareji. Ruwan rijiya ko na famfo zalla da ake ɗurawa a lagireto shi ke ciyar da wancan batir shekara da shekaru, alhali ruwan sanyaya inji na kanti yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Idan aka zo mayar da notin salansa ko na famfon ruwa, a wanke haƙoransa, a shafa musu man hana kamewa, a ɗaure daidai gwargwadon da littafin motar ya faɗa.